Uwar Da Ta Kasa Faɗin Sunan 'Yarta

Cikin duk ranakun da na yi a aikin koyarwa, akwai wata Alhamis da ta ƙi barin raina, ranar da muka kira mahaifiyar Balkisu ta hau dandamali. Ku da kuka shigo aikin bana kun sha jin ina nanata cewa a tambayi iyaye kafin a shirya musu biki, har na ji wata a cikinku tana cewa Abla Maryam, wato Malama Maryam, ta cika mita. Ta yi gaskiya, ina da mita. Amma bari ku ji inda na samo ta.

Lokacin ina shekara ta bakwai a wannan makaranta tamu ta 'yan mata da ke unguwar Aziziyya a Jidda. Lissafi nake koyarwa, kuma ni ce uwar ajin 'yan aji shida, wato ni ke riƙe da rajistarsu, ni ke haɗa sakamakonsu, duk abin da ya taso tsakanin gida da makaranta ta hannuna yake fara bi. A samana akwai murshida, malamar da ke kula da tarbiyya da matsalolin ɗalibai, sai kuma mudira, shugabar makaranta. Ɗalibanmu kusan duk 'ya'yan baƙi ne: Misirawa, 'yan Yaman, 'yan Sudan, 'yan Indunusiya, da 'yan tsirarun yaranmu na Nijar da Chadi da Nijeriya. Da Larabci ake komai.

Abin da babu wanda ya sani a makarantar a lokacin shi ne ni Bahaushiya ce. A nan Jidda aka haife ni, kakannina ne suka zo aikin Hajji daga ƙasar Damagaram suka zauna. Kakata ce ta rene ni, kuma ba ta taɓa yi mini wani yare ba sai Hausa. Amma tun ina firamare na ji yadda wasu yara ke jan kalmar Takruniya a bakinsu, sunan da ake kiran baƙaƙen Afirka ta Yamma da shi, na kuwa ƙudurta ba za a sake kirana da ita ba. Da na sami aiki aka ga baƙar mace mai Larabcin Hijaz tsantsa, wasu suka ɗauka 'yar Makka ce, wasu suka ce 'yar Sudan, ni kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shekara-shekara ake sabunta mana kwantiragi, sai na sa a raina cewa ranar da iyayen yara suka san asalina za su ce a canja wa 'ya'yansu malama. Babu wanda ya taɓa gaya mini haka, ni na kitsa wa kaina. Idan na wuce yaranmu suna hira da Hausa a bakin famfo, sai in ɗaure fuska in wuce kamar ban ji komai ba.

A farkon waccan shekarar aka kawo mana wata Baturiya ta yi mana bita ta kwana biyu, ana fassara mana. Ta ce ta daɗe tana koyar da 'ya'yan mutanen tsibiran tekun Fasifik, 'yan Samowa da Tonga, waɗanda iyayensu suka yi ƙaura zuwa ƙasarta neman abinci. Ta ce da farko ta ɗauka yaran daƙiƙai ne, don ba sa kallon idonta, ba sa ɗaga hannu, kuma idan ta ware ɗaya ta yabe shi a gaban aji sai ya takure kamar wanda aka kama da laifi. Sai da wata tsohuwa ta zaunar da ita ta ce mata a gidajensu wannan shi ne ladabi. Ina zaune ina jin ta, wallahi kamar tsakar gidan kakata take kwatantawa.

Shawara biyu ta ba mu. Ta ce a jawo iyaye cikin harkar makaranta, amma kafin a girmama mutum a tambaye shi yadda ake girmama mutane a gidansu. Ta kuma ce a duba cikin ma'aikata, lallai akwai masu jin yaren da yaran ke yi a gida, a riƙa tambayarsu. Nan take ta ce duk mai jin wani yare ban da Larabci ta ɗaga hannu. Wata 'yar Indunusiya da ke ofis ta ɗaga, wasu biyu suka bi ta.

"Yaran Afirka ta Yamma fa?" in ji baƙuwar. "Babu mai jin nasu?"

Na sunkuya ina gyara murfin birona har aka wuce wurin.

Kun san halin makaranta da bita. Abin da ya yi kyau a hoto shi ake ɗauka, sauran a bar shi a kan tebur. Aka rataya tutocin ƙasashe a farfajiya, aka yi ranar abinci, kowace uwa ta aiko da na garinsu. Sai mudira ta fito da sabon tsari na ƙarshen zango: duk yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajinsu, uwarta ce za ta hau dandamali ta rataya mata lambar yabo, ta faɗi sunanta a makirufo, ta yi mata kalmar yabo a gaban jama'a. Maganar a fara tambayar iyaye kuwa, ko sau ɗaya ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba.

A ajina Balkisu ce ta zo ta ɗaya. Yarinya ce siririya mai shekara goma sha biyu, tana da shekara bakwai aka kawo ta daga Maraɗi. Mahaifinta yana aikin lodi a wani sito a Khumra, inda ake jibge kayan da aka sauke daga tashar jiragen ruwa. Ba ta da surutu, ba ta kallon idon malama, amma idan na rubuta lissafi a allo, kafin in ajiye alli ta gama. Na koyar da yara da yawa, irinta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ni na rubuta sunanta a jerin waɗanda za a karrama, kuma a fayil ɗinta da ke gabana an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ita ce ta farko cikin yara huɗu.

Ga waɗanda aka haifa a nan ba su tarar da abin ba, bari in yi bayani. A wurin mutanenmu na da, da ma na yanzu a garuruwa da yawa, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma an yabe shi a gabanta sai ta kawar da kai ko ta kushe shi. Ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne, kuma macen da ta riƙe shi ana ganin ta da daraja. Ba a littafi na karanta wannan ba. Ni kaina 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin kalmar Maryam a bakinta ba, sai dai "ke" ko "ta wajen Inna". Amma duk sallah ɗinkina ne ke fara fitowa daga wurin tela, kuma ranar da na yi zazzaɓi mai tsanani ita aka tarar a bayan ƙyaure tana kuka don kada a gan ta.

Saura kwana biyu biki Balkisu ta tsaya bayan an tashi, ta ce da ni da Larabci, idonta a ƙasa:

"Abla, dole ne sai mamana ta hau?"

Na san abin da take tambaya sarai. Na ce, "Umarnin mudira ne. Yalla, motarku za ta tafi."

Ranar Alhamis da hantsi zauren ya cika da iyaye mata, ƙamshin turare har waje. Ni aka ba tiren lambobin, ina tsaye a kan dandamali taku uku daga mudira. Uwar farko da aka kira ta hau da gudu, ta rungume 'yarta, ta sumbace ta, ta rangaɗa guɗa, ta jero mata kirari har sai da aka karɓe makirufo. Ta biyu ma haka. Kowa na dariya, ana ta ɗaukar hoto da waya.

Sai mudira ta duba takarda ta ce, "Ummu Balkis, bismilla."

A wurin Larabawa kiran mace da sunan ɗanta na fari shi ne ƙarshen girmamawa. A wurin matar nan kuwa kamar an fizge mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa ne. Na hango ta a layin ƙarshe, da goyo a cinya, ba ta motsa ba. Aka kira sau uku. Murshida, da kyakkyawar niyya, ta sauka ta je ta kamo hannunta. Matar ta miƙa jaririn ga ta kusa da ita, ta taho tana jan mayafi tana rufe baki, ta tsaya a gefen dandamali ta ba 'yarta baya.

Mudira ta ɗauki lamba daga tirena ta miƙa mata, sai matar ta mai da hannuwanta baya. Mudira ta yi dariya don ta sassauta abin, ta kai mata makirufo baki ta ce, "To faɗa mana sunan gwarzuwar tamu, ki yi mata kalma ɗaya mai daɗi."

Matar ta kalli ƙasa, ta kalli ƙofa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, amma makirufo ya ɗauka, kowa ya ji sautin:

"Don Allah ku rufa mini asiri, ku ba ta abinta in sauka."

Mudira ta waiwayo wajen malamai. "Akwai wadda ta gane abin da ta ce?"

Ina nan tsaye da tire a hannu. Jimla biyu kawai ake bukata: a al'adarsu uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, a bar wata ta rataya mata. Da an yi dariya, an tafa, an wuce. Na kalli lambobin da ke kan tire, na bar tambayar ta wuce.

Da matar ta ga babu mai cetonta, sai ta tattaro ɗan Larabcin kasuwar da take da shi ta yi abin da uwar kirki ke yi a garinsu, wato ta kushe 'yarta. Ta ce, "Ba ta da wani ƙoƙari. Halas." Wato shi ke nan. Ta sauka, ta karɓi jaririnta, ta fice. Zauren ya ɗauki gunaguni, na ji wata tana cewa la haula. Mudira ta rataya wa Balkisu lambar da hannunta. Da za a sauka yarinyar ta cire ta, ta ajiye a kan tirena ba tare da ta dube ni ba.

Ranar Lahadi da aka dawo, yara sun sami abin wasa. Duk inda Balkisu ta bi sai ka ji ana cewa ga wadda uwarta ba ta san sunanta ba. Ta san al'adar gidansu, amma kusan rabin rayuwarta a nan ta yi, ta ga yadda sauran uwaye suka yi, ga kuma bakin yara. A ranar Talata ta same ni ina gyaran littattafai ta ce:

"Abla, wai gaskiya ne uwar da ke son 'yarta dole ta faɗi sunanta?"

Amsar tana bakina, da sunan mahaifiyata a cikinta. Abin da na ce shi ne, "Kowace uwa tana son 'yarta. Koma aji." Har yau idan na tuna muryar da na faɗi haka da ita, kunya ce ke rufe ni.

A ranar kuma murshida ta buɗe wa Balkisu fayil. Tsarin a lokacin mataki uku ne: a zauna da yarinya a gaban uwar aji, a rubuta wa gida takarda, idan abin bai warware ba a miƙa shi gaba. Murshida mace ce mai tausayi, ba na ɗora mata laifi. Ta ce da ni, "Maryam, na tsufa a aikin nan ban taɓa ganin uwar da ta kasa faɗin sunan 'yarta ba. Ina tsoron yarinyar nan ba tata ba ce, aikatau aka kawo ta." Aka kira Balkisu. Mamanki tana kiran sunanki? A'a. Tana rungumarki? A'a. Tana yabonki? A'a. Ƙannenki fa? Su tana yi musu. Wa ke wanke-wanke? Ni. Duk amsar da yarinyar ta bayar gaskiya ce, kuma duk wadda aka rubuta sai ta ƙara nauyin zargin. Da aka gama aka turo mini takardar, na sa hannu a matsayin shaida.

Washegari zuciyata ta dame ni, na koma ofishin murshida na yi abin da nake kira rabin gaskiya. Na ce kamar na taɓa karantawa cewa wasu mutanen Afirka suna da irin wannan al'ada. Ta ce a ina na karanta? Na ce na manta. Ta ce ba za ta rufe fayil ɗin yarinya a kan abin da aka manta inda aka karanta ba, kuma ma takarda ta riga ta tafi. Takardar, mai hatimin makaranta, tana neman mahaifin ya kawo shaidar haihuwar Balkisu da iƙamar kowa a gidan, wato takardar izinin zama, cikin mako guda, don a tabbatar 'yar wa ce.

Abin da ba mu sani ba, a daidai lokacin mahaifin yana tsakiyar sauya kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo a kan izinin zamansa, takardun iyalinsa duk suna rataye. Ku da kuke zaune a garin nan kun san yadda gaban irin wannan mutum ke faɗuwa idan takarda mai hatimi ta fara tambayar takardu. Bai zo ba. Balkisu ta ƙara kwana huɗu tana zuwa, ba ta magana, ba ta rubutu. A na biyar kujerarta ta kasance babu kowa.

Bayan mako uku, wata safiya, aka ce mini mahaifiyarta tana bakin ofis ta zo karɓar takardun canjin makaranta. Ni na fito mata da su. Tana zaune a kan benci da goyonta, babu kowa a barandar. Ban san lokacin da bakina ya buɗe da Hausa ba.

"Sannu 'yar uwa. Ina kwana?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko. "Ke Bahaushiya ce?"

"Bahaushiya ce."

Ta daɗe tana kallona. "Ba ke ce ke riƙe da tire ba ran nan?"

"Ni ce."

"Ashe kin ji abin da na ce."

"Na ji."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Allah shi kyauta." Na tambaye ta ina yarinyar. Ta ce, "Babansu ya maishe ta Maraɗi wurin tsohuwarshi. Ya ce tunda lakwal, makarantar nan taku, ta fara tambayar ɗiyar wa ce, gobe mu duka za a tambaya. Gara a rasa zaman mutum guda da a rasa na shida." Ta ce an rufe takardun yarinyar gaba ɗaya, ba fita ce ta dawowa ba.

Sai ta ƙara wata magana da ban tambaye ta ba, idonta a kan tayil. "A filin jirgi ta riƙe mini mayafi, ta ce Inna ki kira sunana sau guda in ji. Ba ta taɓa tambayata wannan ba sai da kuka hau da ni can. Na buɗe baki, ga babansu, ga mutane. Ya ƙi fita. Haka ta tafi."

Ta buɗe jakarta don ta sa takardun da na ba ta, sai na ga wata leda a ciki, cike da takardun jarrabawa, an jera su an lailaye kamar an yi musu guga. Na Balkisu ne, tun daga aji biyu. Matar ba ta iya karatu ba, amma ta ce ta san jan biro idan ya yi alamar daidai. Ta ce, "Abin da ya kawo ni ma, abin wuyan nan na yarinyar, in yana nan." Yana cikin aljihun teburina tun ranar. Na ɗauko na ba ta, ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ta yi mini sai an jima ta tafi.

Daga nan ofishin mudira na wuce, na faɗa mata komai, har asalina. Ta cire tabarau ta ce, "Subhanallah, Maryam. Kalma ɗaya. Me ya hana ki?" Ba a kore ni ba. Babu uwar da ta ce a canja wa 'yarta malama. Aka sabunta mini kwantiragi, aka ma ɗora mini aikin hulɗa da iyayen yaranmu. Abin da na shekara bakwai ina tsoro bai taɓa wanzuwa ba, kuma a kansa na bari aka raba yarinya da uwarta da makarantarta. Murshida ta yi kuka, ta rufe fayil, ta sa aka kira mahaifin aka ba shi haƙuri. Ya yi godiya cikin ladabi, ya ce abin ya riga ya wuce.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku riƙe shi ko ku bar shi. Tuta da ranar abinci ba su ne sanin al'adar yaro ba. Yaro yana shigowa aji da gidansu gaba ɗaya, da abin da ake faɗa da abin da ake jin kunyar faɗa, kuma malamar da ba ta tambaya ba za ta iya cutar da shi da hannun da ta miƙa don ta girmama shi. Wadda ba ta sani ba tana da uzuri, kamar mudira da murshida. Wadda ta sani ta yi shiru ba ta da shi. Shi ya sa kafin kowane biki nake kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya in tambaye su wa zai hau, gwaggo ko yaya ko kaka, kuma shi ya sa ranar farko ta kowace shekara nake shiga aji in yi sallama da Larabci, sannan in ce da Hausa, "Ina 'yan gidanmu?"

Daga baya na rubuta wa Balkisu amsar tambayarta, shafi biyu, na ba ta labarin mahaifiyata da labarin ledar da na gani a jakar tata uwar. Na ba wani ɗan garinsu mai komawa gida ya kai mata. Shekara tara ke nan, ban sani ba ko ta isa hannunta.